Giwar Baffa Lawan da Jirgin Surukai

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar bakin masallacin layinsu a Panshekara ya san Baffa Lawan. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Shekaru ya yi yana riƙe da makullan sito a wani kamfanin buhu da ke Sharada. Da zai yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffin motocin kamfanin, ya sayi wata jif ruwan toka wadda manajoji suka hau suka gaji, ya sa mata suna Giwa. Tun ranar da ya shigo da ita unguwa bakinsa bai sake rufuwa ba. A faɗarsa, Giwa ta taɓa janyo motar siminti daga rami a Zawaciki, ta taɓa yin tsere da jirgin ƙasa ta bar shi yana haki. Abin da mutanen unguwa suka shaida dai shi ne, kullum da safe sai an tura ta.

Matarsa Ladidi 'yar wani ƙauye ce can bayan Haɗeja, irin garuruwan da idan damina ta yi nisa ruwa ke zagaye su ya yanke hanya, mara lafiya sai an saɓa shi a kafaɗa an ratsa da shi. 'Yan garin da ke aiki a kamfanonin Challawa suna da ƙungiya, ƙanin Ladidi, Sagir, shi ne shugaba. Suka haɗa ƙarfi aka ƙera musu kwale-kwale na roba a wata masana'antar tankunan ruwa da ke Bompai, dogo, shuɗi, aka ɗora shi a kan 'yar tirela mai taya biyu. Saura a kai shi gida kafin ruwa ya gama rufe hanya.

Wata ranar Juma'a Sagir ya zo cin tuwo gidan yayarsa, ya ce suna neman babbar mota da za ta ɗauki jirgin. Baffa Lawan ya tsame hannu daga kwano.

"Babbar mota? Ina raye? Giwa tana tsaye a ƙofar gida?"

"Yaya Lawan, ai tsayuwar tata ce muke tsoro," in ji Sagir.

"Kai yaro ne. Amalanken naka da kwale-kwalen duka, Giwa ba za ta san ta ja wani abu ba."

Ladidi ta ce, "Malam, ka bar su su nemi motarsu. Mutane na can ruwa na cin su, ba wurin gwada baki ba ne."

"Surukaina ne fa. So kike a ce 'yarsu na auren mai jif, amma jirginsu ya shigo gari a bayan motar albasa?"

Kafin magariba ya riga ya buga wa mai garin waya da kansa, ya ce a share fili, a tanadi makaɗa, shi ne zai kawo jirgi. Da magana ta kai nan, Sagir ba shi da yadda zai yi. Ya dubi yayarsa, ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da kwashe kwanuka.

Shiri ya fara da waya. Baffa ya samo bidiyon wani Bature mai jan wuya yana zagaya mota yana zuba turanci ta hanci. Bai tsinci ko kalma ba, amma ya ga mutumin ya nuna ƙugiya a bayan mota, ya nuna madubi, ya daki taya da ƙafa, ya buɗe gaban mota ya zuba ruwa. Baffa ya kashe wayar ya ce, "Duk abin da ya faɗa na riga shi sani."

Ya nufi Sharada wurin Muntari mai walda. Muntari mutum ne da bai taɓa ce wa mai kawo aiki a'a ba, ko ce masa aka yi ya liƙa buta a jikin keke. Kuma shi kaɗai ne a duk Kano yake kiran Baffa da Injiniya, shi ya sa Baffa ba ya kai aiki ko'ina sai wurinsa.

"A ina za a liƙa ƙugiyar, Injiniya?"

"A bamba."

Muntari ya dubi bambar. Tun zamanin manajoji wayar ƙarfe ce ke riƙe da ita a bayan motar. Ya taɓa ta da yatsa, ta yi lilo.

"A bamba, Injiniya. Abin da nake shirin faɗa ke nan ka riga ni."

Aka liƙa. Sai maganar madubi. Baffa ya ce na jikin mota sun yi ƙanana, ba za su hango ƙarshen jirgi ba. Ya lallaɓa gida lokacin da Ladidi ta tafi suna, ya ɓalle madubin sif ɗinta, aka raba shi biyu, Muntari ya kafa kowane ɓari a kan dogon rodi. Giwa ta fito kamar ungulu na shanya fukafukai. Ranar, tsakanin bakin titi da ƙofar gida, madubin dama ya tafi da hular liman, na hagu ya kwashe igiyar shanyar maƙwabta da zannuwanta, ya kuma ture rumfar Aina'u mai waina.

Aina'u ta biyo shi da ludayi a hannu. "Baffa, motar ce ta yi ƙaho ko idona ne?"

"Tsarin tafiyar dogon zango ne, ba ki san shi ba."

"To tsarin ya zubar min da ƙullu."

Ladidi kuwa da ta dawo ta tsaya gaban sif za ta warware ɗankwali, sai ta ga katako yana kallonta. Da ta kawo masa abinci ta ajiye masa tuwo babu miya. Ya tambaya, ta ce miyar ta tafi tafiyar dogon zango.

Washegari ya kai Giwa wurin mai faci a sha mata iska. Aka kira sallah, mai facin ya tafi, Baffa ya ce shi ba zai zauna jira ba, ya ɗauki tiyo da kansa. Yana dura iska yana dukan tayar da ƙafa kamar yadda ya ga Baturen ya yi. Yana cikin yi wa masu kallo bayanin cewa taya idan ba ta yi taurin dutse ba ba ta kai Haɗeja, sai ta fashe. Ƙarar ta sa ma'aikatan kamfanin da ke tsallaken titi suka fito a guje, sun ɗauka tukunyar injinsu ce ta tashi. Da ƙura ta lafa aka nemi Baffa aka rasa. Can aka hango ƙafafunsa a ƙarƙashin bencin mai shayi. Ya fito yana karkaɗe riga, ya ce wani noti ne ya faɗi yake nema.

Aka sa wata tayar. Ya kuma ɗaure babbar jarka a rufin mota, ya zuro tiyo daga cikinta zuwa lagireto, wai don kada inji ya ji ƙishirwa a hanya. Daga nan ya ce shiri ya kammala.

Ranar ɗauko jirgi, Sagir ya ce, "Yaya Lawan, Bompai ai a bakin titin Haɗeja take. Mu ɗaura kawai mu miƙe."

"Mu miƙe? Ba a kai shi unguwa an yi masa addu'a ba?"

"Ka ratsa Kano gaba ɗaya da shi, gobe ka sake ratso ta? Ai liman ya fi jirgin sauƙin ɗauka."

"Kai dai shiga ka zauna."

Gaskiyar maganar, Baffa ba zai iya jure a ce ya ja jirgin ruwa majalisa ba ta gani ba. Aka maƙala tirelar a ƙugiya. Sagir ya ce shi a cikin jirgin zai zauna ya riƙa lura da igiyoyi. Baffa ya gyara hula, ya ba Giwa wuta. A ƙofar masana'antar akwai ɗan tudun da aka yi don rage gudu. Giwa ta hau ta sauka, aka ji wani ƙaras. Baffa ya ce a ransa dutse ne, ya taka mai.

Tun daga nan ya ji motar ta yi sakayau. Ya ratsa gari yana murmushi, yana dukan sitiyari, yana cewa, "Kai, Giwa, ko nauyi ba kya ji." Ya leƙa madubin dama, ya ga sararin sama. Ya leƙa na hagu, ya ga fuskarsa, ya gyara gashin baki. Wayarsa na ta ƙara a aljihu, ya ce direban dogon zango ba ya ɗaga waya. Yana shiga Panshekara ya danne hon bai saki ba sai a bakin masallaci. Majalisa ta miƙe, mata suka leƙo ta katanga. Baffa ya fito a hankali, ya juya wa motar baya, ya buɗe hannuwa.

"To, jama'a, ga jirgi."

Liman ya leƙa bayan motar, ya dawo, ya gyara sabuwar hularsa.

"Baffa, wane jirgin?"

Ladidi ta fito da mayafi a hannu. "Malam, ina ƙanina?"

Baffa ya juya. Babu jirgi, babu tirela, babu Sagir, babu ko bambar. Sai 'yan guntayen waya suna reto.

Bai gama haɗa amsa ba sai ga wata 'yar a-kori-kura, wadda ba ta kai rabin Giwa ba, ta shigo layin tana jaye da jirgin cikin kwanciyar hankali. Sagir na zaune a ciki rungume da bamba. Ya sauko, ya miƙa masa ita da hannu biyu kamar mai miƙa jariri.

"Yaya Lawan, ga ajiyarka ka manta a Bompai."

Baffa ya karɓa ya juya ta, ya dubi majalisa. "Kun ga abin da nake gaya muku. Ƙarfin Giwa ne ya fi ƙarfin bambar."

Wannan karon ya ce ba zai sake yarda da bamba ba. Ya sa Muntari ya zo har gida da sarƙa, aka zura ta ta cikin but, aka naɗe ƙafafun kujerar baya da ita, aka liƙe da walda. But ya ƙi rufuwa, aka ɗaure shi da tsohon rawani.

Kafin nan labari ya bazu a Panshekara da Challawa cewa jirgi zai tafi gida, kuma cikinsa fayau. Duk ɗan garin da ke da saƙo ya taso. Wannan ya kawo katifa, wancan buhun sukari. Aka kawo keken ɗinki, kwanon rufi, tabarmi, da wani rago da za a yanka a sunan jikan wani. Sagir ya ce a dakata haka, nauyi ya yi yawa. Baffa ya ce, "Ku zuba. Wanda bai kawo ba ma ya koma ya ɗauko." Suka zuba. Bayan Giwa ya durƙusa, gabanta ya ɗaga sama kamar akuya na neman ganye. Baffa ya zagaya ta, ya yi tunani, ya sa aka jera buhunan yashi a kan murfin inji har gaban ya sauko. Da ya shiga ya zauna sai ya tarar ba ya ganin hanya, ya aika aka ɗauko masa matashin kai ya hau.

Ranar tafiya sama ta wayi gari tana zuba, ba ta tsagaita ba sai da hantsi. Liman ya yi addu'a, ya ƙara da wata ta musamman wadda ba a roƙe shi ba. Baffa ya buɗe wa Ladidi ƙofar gaba, ta wuce shi ta hau jirgin, ta zauna a kan katifa kusa da Sagir, ta buɗe lema.

"Ke kuma fa? Ga kujera mai laushi."

"Ni 'yar bakin ruwa ce, Malam. Na fi yarda da wannan."

Muntari ya shige gaba, ya ce a rage masa hanya zuwa Sharada. Aka tura Giwa ta tashi, ta fita daga layin tana nishi, sarƙa na kuka, rago na amsa mata.

Ba su yi nisa ba. A tsakiyar kamfanonin Challawa akwai wani kwari da titi ya bi ta cikinsa, ruwan safiyar ya cika shi fal, ya gauraya da na kwatocin masu jimar fata, ya zama wani kala da babu sunansa. Lokacin canjin aiki ne. Waɗanda suka tashi sun taru a wancan gefen, masu shiga sun taru a wannan, kowa da takalmi a hannu, an rasa mai fara tsoma ƙafa. Manyan motoci sun yi layi a gefe, direbobinsu na shan shayi suna jiran ruwa ya janye.

Sagir ya ɗaga murya daga baya. "Yaya Lawan, mu ma mu jira."

Da babu mutane, wataƙila da ya jira. Amma Baffa ya ga jama'a gaba da baya, duk idonsu a kansa, wasu har sun ɗaga waya. Ya leƙo ta taga.

"Masu ƙananan motoci su ke jira. Muntari, me ka gani?"

"Injiniya, wannan ai wankan ƙafa ne a wurin Giwa." Ya buɗe ƙofa ya dire. "Bari in tsaya daga nan in riƙa nuna maka hanya."

Baffa ya sa giya ya danna cikin ruwan. Da farko abin ya yi kyau, ruwa na darewa gefe da gefe, 'yan kallo na tafi. Ya fito da hannu yana ɗaga musu. Suna kaiwa tsakiya Giwa ta yi tari, ta yi atishawa, salansa ta yi 'yan kumfa, sai tsit. Ya murɗa makulli, ta ce ƙyas. Ya sake murɗawa, ko ƙyas ɗin ba ta ce ba. Sanyi ya taɓa idon sawunsa, ya haura gwiwa, matashin da yake kai ya fara jiƙewa.

Baffa Lawan bai iya ruwa ba. Ko a bahon wanka ba ya son ya wuce masa ƙwauri. Yadda ya fita ta taga ya haye rufin motar, da girmansa da babbar rigarsa, har yau waɗanda suka gani ba su daidaita a kai ba. An dai ga mutum a ciki, aka kuma gan shi a sama rungume da jarka.

A baya kuwa jirgi ya ji abin da aka ƙera shi dominsa. Ya fara motsi a kan tirela yana neman tashi. Sagir ya kwance igiyoyi, ya zaro wata doguwar gorar tuƙi daga cikin kaya, ya dafa ƙasa da ita. Jirgin ya zame ya hau ruwa lafiya lau, da katifarsa da ragonsa da Ladidi a ƙarƙashin lema. Sagir ya kawo shi gefen motar.

"Yaya Lawan, taka ka shigo."

Baffa ya dubi ratar da ke tsakanin rufin da jirgin, ya dubi ruwan, ya dubi jama'a.

"Direban kirki ba ya barin motarsa."

"Haka ne," in ji Ladidi. "Sagir, mu je, mutane na makara."

Suka kai kaya gefe suka sauke, ban da ragon, wanda ya kafe ya ƙi fita. Ma'aikata suka yi layi. Sagir ya shiga jigila, ya kai masu shiga aiki, ya dawo da waɗanda suka tashi, Ladidi na bakin ruwa tana tsara layi. Kuma kowane zuwa da kowace dawowa sai jirgin ya bi ta gefen Giwa.

"Sannu da aiki, Baffa."

"Baffa, a kawo maka shayi?"

"Alhaji, hasumiyar ta haya ce?"

Yana amsawa da ɗaga hannu kamar mai duba aiki. Muntari na can kan tudu yana ce wa mutane Injiniya na nazarin zurfin ruwan ne. Rana ta fito ta dake shi, warin ruwan ya hau masa kai, ƙafafunsa suka yi tsami, ya zuro su ƙasa ta gefen motar. Duk da haka ya daure, har sai da wani abu dogo, baƙi, mai sanyi ya taso da motsin ruwa ya naɗe masa ƙafa. Tiyon jarkarsa ne ya saki daga lagireto, amma Baffa bai tsaya bincike ba.

"Maciji! Ladidi! Ladidi, ki zo da jirgin!"

Duk Challawa ta ji. Ladidi ta gama gyara mayafinta tukuna, sannan ta shiga jirgin suka iso. Wannan karon bai duba rata ba, ya faɗo ciki gaba ɗaya, ya rarumi abin da ya fara samu ya ƙanƙame. Ragon ne.

Sagir ya juya jirgi suka nufi gefe, jama'a na ta sowa. Da Baffa ya ga tudu na matsowa, numfashinsa ya fara dawowa, muryarsa ta biyo baya. Ya gyara hula da hannu ɗaya, ya ƙare wa Sagir kallo.

"Ba haka ake riƙe gora ba. Ka cika sunkuyawa. Ni lokacin da nake zuwa Legas..."

"Sagir," in ji Ladidi, "miƙa masa."

Sagir ya tsayar da jirgin cak a kan ruwa, ya miƙo gorar. Baffa ya dubi gorar, ya dubi ruwan, ya ƙara matse ragon.

"Ci gaba," ya ce. "Yanzu ka fara ganewa."

Da yamma ruwa ya janye. Ɗaya daga cikin direbobin manyan motocin nan, wanda dama Haɗeja ya nufa ɗauko albasa, babu kaya a motarsa, ya ce ya sha kallon da ya ishe shi ladan ɗauka. Aka ɗora jirgin da saƙonni da rago, Ladidi da Sagir suka shiga gaba. Jirgin ya isa garin kafin hanya ta rufe, makaɗan da aka tanada suka yi wa motar albasa kiɗa.

Giwa kuwa majiya ƙarfi ne suka turo ta har gida. Ta daɗe a ƙofar gida da ƙofofi a buɗe tana shan rana, kwaɗi na fita daga ƙarƙashin kujeru. Baffa ya yi kwanaki yana sallah a sahun baya yana fita kafin a shafa. Amma ranar da ya dawo majalisa, tun kafin ya zauna ya ce shi da gangan ya shiga ruwan, don babu mai hankalin da zai kai wa surukansa jirgi bai gwada shi ba. Ya ce a je a tambaya, shi ne mutum na farko da ya taɓa sa jirgin ruwa ya yi jigila a tsakiyar Challawa.

A duk abin da Baffa Lawan ya taɓa faɗa a wannan majalisa, wannan ce kaɗai aka nemi ta inda za a ƙaryata aka rasa.